Uludag, Erciyes ko Palandoken: in Maris ya shigo wane dutse za ka je zamiyar ƙanƙara?

Duk shekara in Fabrairu ya kusa ƙarewa sai tambayar nan ta taso tsakanin 'yan uwanmu da ke karatu a Turkiyya, da kuma alhazai da hajiyoyi masu zuwa sarin kaya Laleli da Merter a Istanbul da ke son su ƙara kwana biyu uku su hau dutse kafin su koma gida: wai har yanzu akwai ƙanƙara a sama? in akwai ina za a je? Kuma kusan kowa Uludag ne a bakinsa, sabida shi ne kusa da Istanbul kuma shi aka fi gani a hotuna. To ni dai in Janairu ne ko farkon Fabrairu ba ni da ja, je ka Uludag abinka. Amma da zarar Maris ya raba tsakiya lissafin ya canza, kusanci ba shi ne abin dubawa ba, abin dubawa shi ne tsayin dutsen da kuma ƙarfe nawa ka baro ɗaki. Abin yana damuna ne don na san yadda ɗalibi ke tara kuɗin nan, a hana ciki a hana sutura, sannan a je a tarar da caɓi.

Bari in fara da ita dusar ƙanƙarar kanta, don wanda bai gane halinta a wannan lokacin ba duk dutsen da ya je zai dawo yana cewa an cuce shi. A tsakiyar hunturu dusa busasshiya ce mai laushi, safe da yamma kusan duk ɗaya take. A Maris da Afrilu kuwa rana ta yi ƙarfi, yini ya yi tsawo, sai ya zama da rana saman dusar ya narke ruwa ya ratsa ta, da dare kuma in sama ta washe sanyi ya sauko ya sake daskarar da ita, haka kullum narke daskare narke daskare har ƙwayoyinta su zama manya-manya. Shi ya sa hanya ɗaya tak za ta nuna maka fuska uku a yini ɗaya.

Ƙarfe tara na safe in ka sauko daga lif, wato na'urar da ke hawa da masu zamiya saman dutse, hanyar da motar gyara ta share da daddare za ka ganta da layi-layi gwanin kyau, amma taka ta ka ji, dutse ce. Allunan zamiya da ke ƙafarka na ta ƙarrr ƙarrr, bakin ƙarfen ya ƙi kamawa, sandar hannunka in ka soka ba ta shiga, in ka faɗi kuma ƙugunka zai gaya maka har kwana uku. Ka ɗan jira. Wajen goma da rabi zuwa sha ɗaya rana ta taɓa saman, kaurin yatsa ɗaya ko biyu ya saki, ƙasan kuma yana nan da ƙarfinsa, in ka ɗebo a tafin hannu za ka ga ƙwaya-ƙwaya kamar tsakin masara, tana ɗan jiƙa safar hannu amma ba ta zama ruwa ba. Wannan ita ce dusar da ake nema, ƙarar nan ta ɗauke sai shuuu kawai kake ji, allo yana juyawa inda ka ce, ko sabon koyo zai ji ƙafarsa ta zauna. Ba ta daɗewa fa, awa biyu ce ko uku in an yi sa'a. Daga nan sai ta jiƙe sharkaf ta yi nauyi, mutane sun tattake ta ta taru tsibi-tsibi, kana cikin gudu a inuwa ka fito rana sai ka ji kamar an riƙe maka ƙafa ta baya, jikinka ya tafi gaba ƙafa ta tsaya, a nan ne gwiwa ke murɗewa, kuma a daidai lokacin da cinyarka ta riga ta gaji.

Ni agogon da nake ba mutane shi ne kiran sallar Azahar. Rana na gotawa daga tsaka, dusa mai kyau ta kusa sallama a hanyoyin ƙasa, ko dai ka ƙara hawa sama ko ka koma gefen da rana ba ta bugawa sosai, ko ka cire takalma ka je ka yi sallah ka nemi abinci. Kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba, Turkiyya duk faɗinta agogo ɗaya take amfani da shi, tun 2016 ma suka daina sauya shi, alhali Erzurum, garin Palandoken, na can gabas, Bursa, garin Uludag, na yamma, tsakaninsu a wajen rana kusan minti hamsin ne. A Maris Azahar a Erzurum na shiga tun kafin sha biyu da rabi, a Kayseri, garin Erciyes, wajen ɗaya saura kwata, a Bursa sai ɗaya ta wuce. Ma'ana wanda ya saba da tashin Istanbul ya je Erzurum ya fito sha ɗaya ya riga ya ci rabin rabonsa a kan katifa. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, a harkar nan kam haka yake ba ragi.

Sai batun tsayi. A ƙa'ida duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Riƙe wannan lambar, da ita za mu auna duwatsun uku.

Uludag ƙololuwarsa mita 2,543 ne, amma ba can ake zamiya ba, unguwar otal-otal tana wajen mita 1,800 da ɗoriya kuma hanyoyin zamiyar ba su wuce 2,300 da 'yan kai ba. Ga shi kuma kusa da tekun Marmara, iskar wajen mai laima ce, dusar da ke sauka tun asali ta fi ta gabas nauyi. Babban abokin gabarsa iskar nan ta kudu maso yamma da suke kira lodos, mai ɗumi, wadda in ta kaɗa kwana biyu a jere za ka ga dusa na zaizayewa a idonka, dare ma ba ya daskarar da ita, in dare bai daskarar ba kuwa wancan tsakin na sha ɗaya da na faɗa babu shi, tun safe caɓi za ka tarar. Wani lokacin ma iskar kudun kan kwaso ƙurar Sahara ta tsallako Bahar Rum da ita, hamadar nan dai da ke turo mana hazo a gida, ta zube a kan dutse dusa ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, dusa mai datti kuma ta fi saurin shan rana ta narke. Kuma lodos ɗin nan in ta yi ƙarfi har jiragen ruwa na Marmara ake dakatarwa, a tsayar da teleferik, motar wayar da ke hawa dutsen, kai da ka yi shirin zuwa da dawowa a yini ɗaya shirin ya watse.

Kar in zalunce shi dai, yana da nasa alherin kuma ba ƙarami ba ne. Daga Istanbul a mota ta gadar Osmangazi da aka buɗe a 2016 wajen awa biyu ka shiga Bursa, ko ka hau jirgin ruwa zuwa Mudanya da ke kusa da Bursa. Daga cikin gari akwai teleferik, motar nan da ke rataye a waya, wadda aka fara tun 1963 aka sabunta ta a 2014, tsawonta kusan kilomita 9, tana ɗaukarka daga unguwar Teferruc ta bi ta Sarialan har otal-otal, kana kallon gari na ƙanƙancewa a ƙasa bishiyoyi na sauyawa daga kore zuwa fari, wallahi wannan hawan kaɗai ya isa dalilin zuwa. Dutsen gandun daji ne na ƙasa tun 1961, akwai itatuwa masu yawa a gefen hanyoyin ƙasa, ranar da hazo ya rufe su ne ke nuna maka gefen hanya kuma suna tare iska. In ka sauko ga Bursa, garin da Orhan Gazi ya ci a 1326 ya zama babban birnin Usmaniyya na farko, ga masallacin Ulu Cami mai ƙubba 20 da aka gama a ƙarshen ƙarni na 14, ga Iskender kebab a garin da aka ƙirƙiro shi. Don haka hajiyar da ke da kwana ɗaya rak, ta zo da yara, abin da take so su taɓa ƙanƙara da hannunsu su hau kizak, wato abin da ake zama a kai a kan dusa, su zame a ɗau hoto a tura gida, Uludag ya ishe ta har ƙarshen Maris a yawancin shekaru, ba sai ta sayi tikitin jirgi ba. Amma ta guji Asabar da Lahadi, duk Istanbul can take kwararowa, layin teleferik da na lif zai cinye safiyar da ita ce mai amfani, kuma komai na saman dutsen nan tsada gare shi, daga shayi har hayar kaya, ya fi sauran biyun nesa.

Erciyes wata duniya ce daban. Tsohon dutse ne mai aman wuta, mita 3,917, shi kaɗai tsaye a kudu da Kayseri, kana cikin gari kana hango shi, daga gari zuwa ƙofar zamiya wajen kilomita 25 ne a kan titi mai kyau. Inda Uludag ya kusa ƙarewa a nan Erciyes ke farawa: ƙofofinsa suna wajen mita 2,100 zuwa 2,200, lif mafi tsayi kuma yana kai ka sama da 3,300. Yi lissafin da kanka, daga otal-otal ɗin Uludag zuwa saman lif ɗin Erciyes kusan mita 1,500 ne, wato bambancin digiri 9 zuwa 10, ranar da can ake digiri 8 ruwa na gudu a hanya, nan sama ba a ma kai ga narkewa ba. Ga shi a tsakiyar Anatoliya nesa da teku, iska busasshiya, dare yakan washe sanyi ya sauko sosai, shi ne ainihin abin da dusar Maris ke buƙata.

Abin da ya fi burge ni da shi ga wannan lokacin ƙofofinsa huɗu ne, Tekir, Hisarcik, Hacilar da Develi, kuma ba waje ɗaya suke kallo ba, lif-lif ɗin kuma sun haɗe su, kati ɗaya ke aiki ko'ina don kamfani ɗaya ne na hukumar birnin Kayseri ke tafiyar da wajen. Tekir gabas yake kallo, shi rana ke fara samu, shi ke fara laushi, kuma hanyoyinsa na ƙasa faɗi gare su ba su da gangara mai ban tsoro, a nan makarantun koyarwa da masu hayar kaya suka fi yawa. Hacilar yana ta arewa, ya fi gangara, rana ba ta cinsa da wuri. To wanda ya ɗan iya sai ya bi rana: ya fara da Tekir da hantsi, in ta fara jiƙewa ya haura sama ya gangara ta Hacilar, ta haka awa biyun nan sai ta zama huɗu ko biyar. Hanyoyin in an haɗa sun haura kilomita 100, an sa injinan yin dusa a da yawa daga cikinsu, ita kuma dusar inji ta fi ta sama tauri da nauyi, wadda aka tara tun Disamba da Janairu ita ke zama shimfiɗar da ke riƙe hanya a ƙarshen kakar zamiya. Kar ka ɗauka za su kunna injin a Afrilu su gyara maka, injin ma sai sanyi ya sauka ƙasa da sifiri yake aiki. Wajen ya karɓi gasar cin kofin duniya ta snowboard, wato zamiya a kan allo ɗaya, a 2016, ba ƙaramin wuri ba ne.

Aibinsa iska. Babu bishiya a saman nan, fili ne fetal, in iska ta tashi babu abin da ke tare ta, sai a rufe lif-lif ɗin sama a bar na ƙasa, kuma iskar kan share dusa daga kan tudu ta zuba a kwari, duwatsun baƙaƙe su leƙo a gefen hanya. Ranar hazo kuma fari sama fari ƙasa, ba ka gane gangara har sai ƙafarka ta gaya maka, wasu har jiri suke ji. Shi ya sa ban yarda mutum ya ba Erciyes kwana ɗaya ba, ka ba shi biyu ko uku, in ɗaya ta ɓaci ka sauka gari ka ci manti da pastirma, ko ka wuce yawon buɗe ido Kapadokiya da ba ta fi tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ba, ka dawo washegari. Wannan ma wata riba ce, ba dole ka kwana a kan dutse ba, otal ɗin cikin Kayseri ya fi araha nesa, akwai motoci masu hawa da sauka, ɗalibi kuma in yana da aboki a Jami'ar Erciyes ma shikenan an rage kashe kuɗi. Daga Istanbul jirgi bai kai awa ɗaya da rabi ba, bas na dare wajen awa goma zuwa sha ɗaya, daga Ankara kuwa awa huɗu da wani abu.

Palandoken kuma na Erzurum ne, can gabas, garin da shi kansa yana wajen mita 1,900, wato kana shan shayi a tsakiyar kasuwa ka riga ka kai tsayin otal-otal ɗin Uludag. Dutsen na jingine da garin, mintuna kaɗan ne a mota, hanyoyin na farawa daga wajen mita 2,200 su kai sama da 3,100 a ƙololuwar Ejder. Yana kudu da gari kuma yawancin gangarensa arewa suke kallo, ga sanyin Erzurum da duk Turkiyya ta san shi, shi ya sa a cikin ukun nan shi ne dusarsa ta fi jure rana, a tsakiyar Maris sau da yawa a sama hunturu ne sosai ba a ma shiga narke-daskaren ba tukun. Garin ya karɓi gasar hunturu ta jami'o'in duniya a 2011 da ta matasan Turai a 2017, sabida haka aka zuba kayan aiki, har da wani filin na biyu a Konakli a wajen gari, kuma ana kunna fitilu a yi zamiyar dare a wasu hanyoyin. Zamiyar daren nan a Maris ban ba sabon koyo shawara ba, don abin da ya jiƙe da rana shi ke daskarewa da magariba da duk kwazazzaban da ƙafafu suka bari.

Dalilin da ya sa ban sa shi a gaba ga kowa ba guda biyu ne. Na farko nisa, jirgi daga Istanbul wajen awa biyu ne, bas kuwa kusan kwana da yini, akwai jirgin ƙasa na Dogu Ekspresi da ke tashi daga Ankara ya bi ta Kayseri da Erzurum zuwa Kars, tafiya ce mai kyawun gani amma samun tikitinsa a lokacin sanyi wahala ne. Na biyu yanayin dutsen, hanyoyinsa dogaye ne masu gangara, wanda ya iya zai ji daɗinsu ƙwarai, akwai wajen koyo a ƙasa ba a ce babu ba, amma gangaren da ke kallon arewa yana jinkirin laushi, abin da ke alheri ga gwani da rana shi ne ƙanƙara mai tauri ga sabon shiga da safe. Ga ɗaliban Jami'ar Ataturk da na garuruwan gabas babu ma tambaya, dutsenku na bakin ƙofa, ku duba taga in rana ta fito ku hau. Haka wanda ya riga ya saba da hanyoyi masu alamar ja, wato masu gangara sosai, kuma sai ƙarshen Maris ko farkon Afrilu zai samu hutu, Palandoken zan ce masa, ya sauko ya ci cag kebab ya je ya ga tsohuwar makarantar Cifte Minareli Medrese ta ƙarni na 13.

To in ka ce in zaɓa maka guda ɗaya, kai da ba ka taɓa ɗaura allo a ƙafa ba ko ka taɓa sau ɗaya kana son ka koya da gaske, kuma tafiyar daga tsakiyar Maris zuwa gaba ce, Erciyes. Yana da tsayin da zai ajiye maka dusa, yana da filin koyo mai faɗi da rana ke fara tausasawa daidai lokacin darasi, kuɗinsa bai kai na Uludag ba. Ka nemi hoca, wato malamin zamiya, mai lasisi, ka ce masa darasin goma na safe kake so ba na biyu na rana ba, ko da na ranan ya fi araha, araha ba ta ado. Kuma don Allah kar ka bari aboki ya ja ka saman dutse ranar farko wai ai da sauƙi, alamar kore da shuɗi su ne naka, ja da baƙi ka bar su.

Akwai maganar da ta shafe mu fiye da yawancin masu zuwa wuraren nan, kuma ba za ka ji ta a bakin masu sayar da tikiti ba: sikila. Mun san yadda take da yawa a cikinmu. Tsayi na rage iskar da jini ke samu, sanyi na tsuke jijiyoyi, gajiya da ƙarancin ruwa a jiki na ƙarawa, waɗannan kuma su ne ainihin abubuwan da ke tayar da ciwon. Mai SS kar ya hau ko ɗaya daga cikin ukun nan sai ya zauna da likitansa, har da Uludag ɗin, don mita 1,800 ba wasa ba ne. Mai AS ma da yake ganin lafiyarsa ƙalau, likitoci sun san cewa a tsayi mai yawa tare da aikin ƙarfi saifa kan iya samun matsala, ba kowa ba, ba kuma sau da yawa ba, amma yana faruwa, alamarsa ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki ƙasan haƙarƙari. In ka ji haka a mita 3,000 ba maganar daurewa ba ce, sauka za ka yi ka nemi asibiti, lambar gaggawa 112 ce, a kan hanyoyin kuma akwai jandarma masu aikin ceto. Wanda bai san jininsa ba ya gwada kafin ya tafi. Ko mai AA ma in ya tashi daga Istanbul da ke bakin teku ya tsinci kansa sama da mita 3,000 a rana ɗaya, ciwon kai da haki ba abin mamaki ba ne, ranar farko ka tsaya a hanyoyin ƙasa ka sha ruwa da yawa.

Wannan ya kawo mu ga azumi, don a shekarun nan Ramadan na faɗowa tsakanin Fabrairu da Maris, daidai kan wannan kakar. A cikin azumi duwatsun sun fi zama wayam da rana, layi ba yawa, amma zamiya aikin ƙarfi ne kuma iskar sama busasshiya ce tana zuƙe ruwan jiki ba ka sani ba don sanyi ya ɓoye ƙishirwa. Hukuncin matafiyi na malamai ne, tambaye su, ni dai abin da zan ce in za ka yi da azumi a bakinka ka taƙaita ga awa biyun hantsi ka sauko. Hutun ƙaramar sallah kuma, wanda Turkawa ke yi kwana uku da rabi, otal na cika farashi na tashi, Uludag ya fi kowa shan cunkoson. In da hali ka matsa tafiyar zuwa tsakiyar makon da ke biye.

Kaya kuma kar ka yi shigar Janairu. Da safe sanyi, da rana gumi za ka yi, gara riguna biyu uku marasa kauri da za ka iya cire ɗaya, sannan ta sama da wando waɗanda ruwa ba ya ratsawa, don faɗuwa a jiƙaƙƙiyar dusa jiƙa ce har fata, wandon jins kuwa in ya jiƙe ya gama da kai. Safar hannu ka riƙe biyu. 'Yan uwa mata, hijabi ƙarami mai kama kai yana shiga ƙarƙashin hular kwano lafiya lau, dogon mayafi mai reto ne haɗari a wajen kujerar lif, a cusa shi cikin riga. Wajen hayar takalmi ka sa safa ɗaya tak doguwa, kar ka cusa ƙafar wando a ciki, ka tsaya ka lanƙwasa gwiwa gaba, in diddigenka na ɗagawa ya yi maka yawa ka ce a canza, kuma ka tambaya ko an shafa wa allunan kakin da ya dace da dusa mai ruwa, in ƙasansu ya yi fari-fari ya bushe za su riƙa manne maka da rana. Alwala ka yi ta tun daga ɗaki kafin ka ɗaure takalman nan, cire su da mayarwa aiki ne.

Sai ido da fata, inda mu baƙaƙe muke yawan yin sakaci, wai mu da muka taso a ranar Sakkwato da Maiduguri. Ba iri ɗaya ba ce. Hasken da ke ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000, sabuwar dusa kuma na iya mayar da har kashi 80 cikin 100 nasa sama, wato daga ƙasa ma dukanka yake, ƙasan hanci da haɓa da leɓe. Fatarmu na da ɗan kariya, ido kuwa babu ruwansa da launin fata, wanda ya yini ba tabarau ba zai ji komai ba sai dare, idon ya yi ja ya riƙa zubar da hawaye yana jin yashi a ciki, ya kasa kallon fitila kwana ɗaya ko biyu. Tabarau mai tare hasken rana dole ne har ga yaran da kizak kawai za su hau, ko da gari ya yi lumshi.

Kar ka fita daga hanyar da aka kafa wa sanduna, musamman bayan Azahar a Erciyes da Palandoken. Dusar da ruwa ya ratsa takan saki gaba ɗaya ta gangaro, sabida nauyinta kuma ba a iya tone mutum daga ciki da hannu. Otal ɗin kan dutse kuma, tun bayan gobarar otal ɗin wajen zamiya na Kartalkaya ta Janairun 2025 da ta ci rayuka 78, ni ba na jin kunyar tambayar ina matakalar gudu take, kuma in bi ta da ƙafata in ga ƙofar na buɗewa kafin in kwanta. Kai ma ka yi.

Ranar rufe kaka ba a kafe take ba, dusar shekarar ce ke yanke ta, Uludag yakan tattara wajen ƙarshen Maris, sauran biyun sukan shiga Afrilu, shekarar da aka yi ƙarancin dusa kuma kowa na rufewa da wuri. Don haka kar ka biya kuɗin da ba a mayarwa tun wata guda kafin tafiya. Hukumar yanayi ta Turkiyya, MGM, tana fitar da kaurin dusar wuraren zamiya, duba shi, amma kar ka tsaya a lambar kaɗai don a wuri ɗaya ake aunawa, abin da ya fi ta amfani shi ne zafin dare na kwana uku kafin zuwanka, in yana sauka ƙasa da sifiri a tsayin da za ka yi wasa to za ka samu hantsi mai kyau, in ba ya sauka ko mita guda aka rubuta caɓi ne. Wuraren kuma suna da kyamarori da ke nuna hanyoyin kai tsaye, gani ya kori ji, amma ka buɗe su ƙarfe biyu na rana ba bakwai na safe ba, ka duba ƙasan hanya kusa da inda ake hawa lif, in ka ga tabo-tabon ƙasa sun fara fitowa a nan, a Uludag ka haƙura da darasi ka tafi don teleferik da hoto kawai, a Erciyes kuma ka duba ko lif-lif ɗin sama a buɗe suke kafin ka danna biyan tikitin jirgin.